Tseren Keke na Naƙasassu

 

Yau hirarmu a kan keke take. Kowa ya san keken guragu, mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Muna ganinsa a kasuwar Maraɗi, muna ganinsa a Damagaram da Tawa. To, ku sani da irin wannan keke ana yin tsere a duniya, har a ci lambar zinariya.

Ga yadda abin ya faro. A shekara ta 1948, wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya shirya wasa domin sojojin da suka ji ciwo a ƙashin baya, a wata asibiti ta Ingila. Wasan ya yi ta girma. A 1960 aka yi babban taron farko a birnin Roma. Tseren keke kuwa sai a 1984 ya shiga ciki.

Kekunan iri huɗu ne. Akwai keke irin namu, wanda ake gyara wa mai hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya. Akwai mai ƙafa uku, domin wanda jikinsa ba ya tsayuwa daidai. Akwai keken hannu. Na huɗu shi ne na makafi, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Sirdi biyu gare shi. Mai ido yana gaba yana riƙe da kan keke, makaho yana baya, su duka suna tuƙi. Ku duba irin yardar da ke nan! Mutum ba ya ganin hanya, ana gudu kamar na mota, amma bai sassauta ƙafa ba. In sun ci, kowanensu yana samun lamba.

Kafin tsere, likitoci suna duba kowa, su sa shi cikin waɗanda ƙarfin jikinsu ya zo ɗaya da nasa. Ta haka ba a cuci kowa ba.

Wani mutumin Italiya, Alex Zanardi, da direban tseren mota ne. A 2001 ya yi haɗari a Jamus, ya rasa ƙafafunsa biyu. Da ya warke sai ya koyi keken hannu. A 2012, a wasan Landan, ya ci zinariya biyu, yana da shekara 45. Filin da ya ci ɗin, a nan ya taɓa tseren mota.

Gaskiya keken tsere yana da tsada, ya kuma fi namu rashin nauyi. Amma hannun da ke tura keke cikin rairayin unguwa kullum safe, ba ƙaramin ƙarfi gare shi ba.

Yanzu ku ɗauki alli, ku rubuta: keke, tsere, hannu. Malaminku zai duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.