Shiga Kwale-kwale Don Shan Iska: Gargaɗi Ga Sabon Shiga



Maganar yau a kan ruwa take. Da Sallah, ko ranar biki, samari da 'yan mata da yara sukan tafi bakin dam ko bakin kogi. Ana ba mai kwale-kwale 'yan kuɗi ya zaga da su. Ana yin haka a madatsun ruwa irin su Tiga a Jihar Kano, da garuruwan bakin kogin Kwara irin su Yawuri. Shan iska ba laifi ba ne. Amma yawancin masu zuwa ba su taɓa shiga jirgi ba, kuma ba su iya iyo ba.

Ɗan kasuwa yana sauri kada kasuwa ta watse. Manomi yana sauri ya ƙetare zuwa gona. Mai shan iska kuwa babu abin da ke korarsa. In ya ga abin da bai kwanta masa ba, yana iya fasawa. Saboda haka tsaron ransa a bakin gaɓa yake farawa, tun kafin ya sa ƙafa cikin jirgi.

Abin da ya faru ya isa darasi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Mutum 29 aka tabbatar sun rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu tafiya Mauludi. Jirgin ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa. A watan Yuni na 2023 kuma, fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara. Daga ɗaurin aure suke dawowa, cikin dare. Duka biyun ranakun farin ciki ne. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin a shiga

Na farko, a dubi jirgin. In ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katako, kada a shiga. A duba ko akwai filafili, da doguwar gora, da ƙwaryar kwarfe ruwa. Ko jirgi mai inji ne, ya kamata a ga filafili a ciki, domin inji yana mutuwa.

Na biyu, a dubi matuƙi. Ya zama babba ne wanda ya san ruwan, ba yaron da aka bar wa jirgi ba. Wanda ya sha ƙwaya ko wani abin maye bai cancanci a ba shi rai amana ba. Baƙo ya tambayi Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, su suka san na kirki.

Na uku, a ƙirga mutane. In jirgi ya cika har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi. Sabon shiga ya haƙura ya jira sahu na biyu, ko da abokai za su yi masa dariya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na huɗu, rigar ruwa. Wannan riga ce mai hana mutum nutsewa ko da bai iya iyo ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ta ce kowane fasinja ya sa ta. Sawa ake yi a ɗaure igiyoyinta tamau, ba a zauna a kanta ba. Yaro a ba shi daidai jikinsa, domin babba tana iya zame masa ta ka. Tufafi masu nauyi irin su babbar riga suna shan ruwa su nannaɗe mutum, gara a bar su a gida.

Na biyar, a dubi sama da lokaci. In hadari ya haɗo, ko iska ta taso, a fasa. Hukumar ta hana tafiyar dare. Dalili shi ne cikin duhu matuƙi ba ya ganin kututture, masu ceto kuma ba sa ganin wanda ya faɗa. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar a 1968, har yau akwai itatuwan da ruwa ya rufe, kuma suna fasa jirage.

Na shida, a gaya wa na gida inda za a je da lokacin dawowa. Kada yara su shiga ba tare da babba ba.

Cikin jirgi

A shiga ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, ana dafa gefe. A zauna inda matuƙi ya nuna. Kwale-kwale ba shi da faɗi, mutum ɗaya in ya miƙe yana iya karkata shi. Kada a tashi tsaye don ɗaukar hoto da waya. Kada a taru gefe ɗaya don kallon kifi ko tsuntsu. In hula ko takalmi ya faɗa ruwa, a bar shi. In jirgi ya yi tangal-tangal, kowa ya zauna a wurinsa ya saurari matuƙi. Firgita da guje-guje su ne kan ƙarasa kifar da shi.

In tsautsayi ya auku

Kwale-kwalen katako in ya kife, sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya. A riƙe shi, a yi kururuwa. Gaɓa takan fi yadda ido ke gani nisa, saboda haka kada sabon shiga ya saki jirgi ya nufe ta. Wanda ya rabu da jirgi ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa, ya yi numfashi a hankali.

Na kan tudu kuma kada ya yi tsalle cikin ruwa in bai ƙware ba. Mai nutsewa yakan ƙanƙame mai ceto, su tafi tare. A miƙa masa gora, ko a jefa igiya, ko jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta.

In an fito da mutum, a duba numfashinsa. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska ta baki sau 2. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30. A yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemi mota. Kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danne cikinsa wai don ruwa ya fito, wannan ɓata lokaci ne. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo daga baya.

Wasu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma Hausawan da suka faɗi haka su ne suka ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya ji wannan magana ya isar da ita ga yaran gidansu kafin Sallah mai zuwa.

Allah ya kiyaye mu, ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Wassalam.