Waldar ƙarfe maras kauri a gida, da haƙƙin iyali

 

Hirarmu ta yau kan walda take, wadda wasu ke ce wa sudur. Ba da manyan masu sana'a nike ba, waɗanda suka yi shekaru ƙarƙashin maigida suna koyo. Da kai nike, malam, kai da kake da aikinka na yini, ko ofis, ko gona, ko tebur a kasuwa, ka tara kuɗi ka sayi ɗan ƙaramin injin nan na zamani da ake ratayawa a kafaɗa. In ka taso aiki sai ka gyara ƙofa, ka liƙe baro, ka haɗa murhun ƙarfe, ka sami na cefane. Irinku sun yi yawa yanzu, daga Yamai har Damagaram. Abin yabo ne. Amma wutar walda ba ta san gidanka ne ba.

Mu fara da ƙarfen. Kowane sabon hannu kukansa guda ne: "Da na ɗora tsinke sai tol ya huje." Mi ya sa? Ƙarfe shina narkewa in zafi ya kai wajen digiri 1500, wutar da ke tashi a bakin tsinke kuwa ta fi digiri 3000. Ƙarfe mai kauri shina shanye zafin, shi watsa shi cikin jikinsa. Maras kauri ba shi da inda zai kai shi. Ka daɗe wuri guda ƙiftawar ido biyu, rami ya buɗe. In bai huje ba, sai shi lanƙwashe, don ƙarfe shina buɗewa in ya yi zafi, in ya huce shi tsuke shi jawo na kusa da shi. Shi ya sa kake ganin ƙofa ta fito kamar faifan da ya sha ruwa.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima. To, a nan kada ka dogara ga ido, karanta lamba. Masu saida tol, ko a kasuwar Katako ta Yamai ko a Maraɗi, da lamba suke kiran kaurinsa: 8/10, 10/10, 15/10. Wato 10/10 milimeta guda ke nan, 8/10 bai kai milimeta ba, 15/10 milimeta ɗaya da rabi. Tsinken walda kuma, wanda ƴan sana'a ke ce wa baget, an rubuta kaurinsa jikin kwali: 1,6 ko 2 ko 2,5 ko 3,2. Yawancin mutane 3,2 ko 2,5 suke saye don shi ya fi yawa a kanti, su tasam ma tol da shi. Ai ba a ɗinkin alharini da basilla. Ga tol, nemi 1,6 ko 2, irin mai lamba 6013, don wutarsa ba ta nutsewa ƙwarai cikin ƙarfe.

Ga wani ɗan lissafi da ake koyarwa a makarantun sana'a. Ku ɗauko alli. Ka cire ɗaya daga kaurin tsinke, abin da ya rage ka ninka shi da 50, shi ne amper ɗin da za ka sa wa inji. Tsinke mai 2: cire ɗaya, saura ɗaya, amper 50. Mai 2,5: amper 75. Mai 1,6: amper 30. Wanga lissafi mafari ne kawai. Ka gwada bisa guntun da ba ka so. In tsinke shina manne wa ƙarfe, ƙara kaɗan. In shina huda shi, rage. In injinka shina da alamar ƙari da ta ragi, sa mariƙin tsinke ga ragi, ya fi sauƙi ga tol.

Sai aikin kansa. Goge tsatsa da fenti har ƙarfe shi yi fari. Haɗa bakin biyu su matse, kada ka bar tsaga, don daga tsaga rami ke farawa. In da hali, ɗora wani bisa wani maimakon ka haɗa su baki da baki. Kada ka ja ɗinki mai tsawo. Ɗiga ɗigo guda, ka ɗaga hannu. Tsallaka kamar faɗin yatsa uku, ka ɗiga wani. Koma can ɗaya gefen ka yi haka. In jan ya dushe, ka kankare ɓawon, ka dawo ka cike tsakani, ɗigo bisa gefen ɗigo. In kana haɗa tol da ƙarfen firam mai kauri, auna wutar ga mai kaurin, ka bar narkakken ya gangaro shi kama tol. Wanga kaɗai, in ka riƙe shi, ya raba ka da rabin ramukanka. In kuma kana da guntun jan ƙarfe mai faɗi, matse shi a bayan wurin: shina janye zafi, kuma walda ba ta kama shi. Rami in ya buɗe, kada ka bi shi da wuta, ƙara faɗi zai yi. Bari shi huce, ka ɗiɗɗiga a gefensa har shi rufe.

Kun ga aikin na haƙuri ne, shina cin lokaci. To, lokacin wa shike ci? Nan ne maganar gida ta shigo, kuma ina roƙon uwayen gida su matso kusa da rediyo.

Na farko, wuri. Tsakar gida ba taka ba ce kai ɗaya. Nan ake daka, nan ake girki, nan ake shanya, nan yaro ke rarrafe. Hasken walda shina ƙona fatar ido, kuma mugun halinsa shi ne ba a jin komi nan take. Sai bayan awa shida, ko goma sha biyu, cikin dare, mutum shi farka kamar an zuba mishi rairayi a ido, hawaye na zuba, ba shi son ganin fitila. Kai babba ka san dalili. Yaro ɗan shekara uku da ya tsaya yana kallon "tauraron baba" bai sani ba, uwarsa ma ba ta sani ba, sai a kwana ana neman maye. In ya faru, kada a murza idon, kada a ɗiga mishi nono ko ruwan wani ganye. A sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi bisa idon a rufe, a zauna cikin duhu. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu shina warkewa, amma yaro a kai shi gidan likita da safe, babba ma in ciwon ya wuce yini ko gani ya dushe. Kai kuma, tabarau na rana ba shi tare wanga haske. Sai garkuwar fuska mai baƙin gilashi, lamba 10 ko kusa da haka. Dabarar nan ta rufe ido a kau da kai, ba dabara ba ce.

Saboda haka fitar da aikin ƙofar gida, ko wani lungu da iska ke ratsawa, ka kewaye shi da tsofaffin kwanoni, yadda mai wucewa ba zai ga hasken ba. Nesa da zana, nesa da danni, nesa da rumbu da tarin harawa, balle lokacin hunturu da komi ya bushe. Tartsatsi shina iya laɓewa cikin kara shi jira ka shiga barci. Aje bokitin rairayi kusa, in ka gama ka duba wurin kafin ka tafi. Mai saida fetur cikin kwalabe in maƙwabcinka ne, ku yi magana tun wuri. Tano ko tankin moto da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an ce maka ya shekara babu komi ciki, kada ka sa mishi wuta: tururin da ya rage shi ke fashewa. Wanga aiki ka bar wa gwanaye.

Akwai kuma kwanon rufi da bututu masu farin shafe. Shafen nan zinki ne, shina tafasa a digiri 907, tun kafin ƙarfe shi narke, shi tashi farin hayaƙi. Wanda ya shaƙa, da dare sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon jiki, kamar masassarar cizon sauro. Wasu na cewa a sha madara. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. Goge shafen daga inda za ka liƙa, ka yi aikin a fili, iska tana kore hayaƙin daga fuskarka da ɗakin iyalinka. Da damina kuma kada ka tsaya bisa jiƙaƙƙar ƙasa da silifa, kada ka bar waya mai tsiraici inda yara ke gudu.

Na biyu, lokaci. Mutum ya fita tun da safe, ya dawo la'asar, bai ko zauna ba ya jawo waya, sai bayan lisha. Yara sun yi barci. Gobe haka, ran hutu ma haka. Wata uku, maigida ya zama baƙo mai kawo kuɗi da ƙara. Ba ya san ɗansa ya bar zuwa lakwal ba, ba ya san ɗiyarsa ta kwana biyu da tari ba. Ni a ganina, wanda walda ba ita ce babbar sana'arsa ba, shi yanka mata iyaka: daga la'asar zuwa kiran magariba, sai a naɗe waya, ko da ɗigo uku suka rage. Cikin mako kuma a bar yini guda da inji ba ya fitowa ko kaɗan. Tol ma ya fi kyau ga mai hutacce hannu. Wanda ya gaji shi ke gaggawa, mai gaggawa shi ke hudawa, gobe shi sake sayen wani da kuɗinsa.

Abin da ke karya wagga iyaka shi ne kunya. Maƙwabci ya kawo ƙofa shina so jibi, aboki ya kawo gado ana saura kwana huɗu biki. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka faɗi gaskiya tun farko: "Ni da marece kaɗai nike aiki, sai mako mai zuwa. In kana sauri, ga masu shago." Ba zai mutu ba.

Sai kuɗi. Ka sami ɗan littafi. Shafi guda abin da ya fita: tsinke, tol, faifan yanka, fenti, da ƙarin da ka gani a takardar kuɗin wuta. Shafi guda abin da ya shigo, da sunan wanda ya ci bashi. Mutane da yawa in sun yi haka wata guda, sai su tarar kuɗin cefane ne ke ciyar da inji, ba inji ke ciyar da gida ba. Ka nuna wa uwargida littafin. Ita ke haƙuri da ƙara da hayaƙi, ita ke tsare yara, tana da bakin magana. In ta ce ranar kaza akwai suna ko baƙi, ranar ba ta walda ba ce.

Yaron da ya tasa, in shina sha'awa, koya mishi, sana'a ce. Amma bayan ya gama aikin lakwal, da tashi garkuwa, da rigar auduga mai dogon hannu, ba ta leda ba, don leda narkewa take ta manne ga fata. Kada ka sa shi riƙe maka ƙarfe da hannu tsirara kana ce mishi "rufe idonka".

Malaman aji, ga aikin wanga mako. Ku nemo tsohon kwalin tsinke wurin mai walda na garinku, ɗalibai su karanta lambobin da ke jikinsa, su lissafa amper na tsinke mai 3,2. Ku riƙe amsarku, za mu faɗi tamu a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.