Keke da Hanyar Burji a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, wanda yanzu ma'aikacin gwamnati ne, ya gabatar a taron Ƙungiyar Ɗalibai.)



Sa'ad da na shaida wa shugabannin ƙungiya cewa a kan keke zan yi magana, na lura wasunsu sun dubi juna suna murmushi. Ban ga laifinsu ba. A wurin yawancinmu da muka yi karatun zamani, keke abin hawan wanda bai samu ba ne, kuma burin kowane ɗalibi shi ne ranar da zai karɓi takardar shaida ya yi ban kwana da feda har abada. To, ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku, domin ina da hujja.

Bari in fara da abin da ke faruwa a wasu ƙasashe. A shekarar 2006, a garin Emporia na Jihar Kansas ta Amurka, mutum 34 suka taru suka yi tseren keke na mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa na karkara. Tseren nan, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, ya bunƙasa har dubban mutane ke neman shiga kowace shekara. A 2021 aka fara irinsa a yankin Masai Mara na ƙasar Kenya, a 2022 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Italiya. Watau mutanen da ƙasashensu ke shimfiɗe da kwalta su ne ke kashe kuɗi suna neman inda kwalta ta ƙare, gefen duwatsu da sararin itatuwa kusa da birni, inda babu hayaƙin mota. Abin da suke nema ɗin nan kuwa, jama'a, shi ne muke kira burji, kuma ga shi nan a ƙofar gidanmu.

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega, ta nufi Koko da Yawuri, ya ga tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai. Jar marmara ce ta rufe kawunansu, ita ta hana ruwan sama zaizaye su sa'ad da ya cinye ƙasar da ke kewaye. Tsakuwar da ke gangarowa daga jikinsu ita ce burjin da ake zuba wa hanyoyinmu. A ƙarƙashinsu kuwa gonaki ne na gero da dawa da wake, da itatuwa jefi-jefi waɗanda kakanninmu suka bari da gangan: gawo, da kuka, da ɗorawa, da tsamiya. Gawo ma ya isa abin lura, domin yana kaɗe ganyensa da damina don kada ya yi wa shuka inuwa, ya kuma yi sabon ganye da rani sa'ad da dabbobi da matafiya ke bukatarsa. Wannan shi ne wurin shaƙatawarmu, ba a kuwa sayen tikiti kafin a shiga.

Hanyoyi iri uku nake so in nuna muku, kowace ana iya yin ta tsakanin sallar asuba da hantsi.

Ta farko ita ce ta bakin Gulbin Zamfara, daga Jega. Ƙasar shimfiɗe take, saboda haka ta dace da sabon shiga, sai dai akwai rairayi, da damina kuwa lakar fadama ba ta barin taya ta juya. Wanda ya bi ta zai ga masu shinkafa da masu lambu da masunta, zai kuma taka ƙasar tarihi. A wannan yanki Gimbana take, garin Malam Abdussalam, wanda rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa a 1803, abin da ya zama sanadin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalam ɗin, Buhari, shi ya kafa Jega wajen 1820, kasuwarta kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu. Fatake da jakunansu ne suka fara fasa yawancin turbobin da nake faɗa muku.

Ta biyu ita ce ta ƙasar Aliero, wajen Jiga da Sabiyal da Ɗanwarai. Nan ne gidan albasa. Da sanyi za ka iske fangalai kore shar, ana ta ban ruwa, da bazara kuma ka iske an tara ta tsibi-tsibi ana jiran motocin kurmi. Ɗaliban jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 su ne suka fi kowa kusa da wannan hanya, amma da wuya ka sami ɗaya cikinsu da ya taɓa wuce bakin kwalta. Wanda ke karatun aikin gona ya kamata ya ga da idonsa yadda ake ajiye albasa, da yawan wadda ke ruɓewa kafin ta kai kasuwa. In kuma tsautsayi ya sa ka faɗi ka karye, to, ka faɗi a inda ya dace, gama Aliero ta yi suna wajen masu ɗori.

Ta uku ita ce ta kudu, daga Jega zuwa ƙasar Maiyama, wajen su Andarai da Mungadi da Sambawa. Wannan ta masu ƙashin bayan hawa ce, akwai hawa da gangara, akwai tsakuwa mai zamewa. Amma wanda ya daure ya kai kan tudu da sassafe, ya waiwaya ya hangi gonaki da garake da hayaƙin ƙauyuka, zai san gajiyarsa ba ta tafi a banza ba.

Wani zai ce ai ba shi da kuɗin keken Turawa. Lalle kekunan da aka ƙera domin wannan wasa suna da tsada, amma asirinsu ɗaya ne, watau faɗin taya, wadda kan kai milimita 40 ko fiye, alhali ta keken tseren kwalta siririya ce. Dogon keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da aka riƙa harhaɗawa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, tayarsa ba ta kasa wannan da yawa ba, kuma shi ya ɗauki malaman makaranta da malaman gona da na asibiti a kan hanyoyin nan shekara da shekaru. Abin da ake bukata shi ne sanin dabara. Kada ka cika taya da iska har ta yi tauri, domin za ta riƙa tsalle a kan gargada. In ka shiga rairayi, ka koma da nauyinka baya, ka ci gaba da taka feda, kada ka murɗa kan keke. A gangara ka fi dogara ga birkin baya. Ka goge kaca kafin ka ɗiga mata mai kaɗan, gama mai da ƙura in sun haɗu sai su ci ƙarfe. Ka ɗauki famfo da faci da sholisho, domin tsidau da ƙayar aduwa ba su san mai digiri ba. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato za ka sha. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wanda duk ya bari rana ta take shi a daji ya cuci kansa.

Akwai kuma ladabin hanya. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka bari dare ya yi maka, kuma ka tambayi halin da hanya ke ciki kafin ka fita, domin dukkanmu mun san zamanin da muke ciki. In ka shiga ƙauye ka sauka ka yi sallama, ka gai da mai gari, ka faɗi ko kai wane ne. In ka gamu da shanu a burtali ka kauce musu, hanyarsu ce. Kada ka ratsa shukar mutane. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu sai in zo ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana. A farkon kama aikina an kawo mini wani fayil, a ciki an rubuta cewa an gama gyaran wata hanyar burji, an kuma gina kwalbati, sa hannuna kawai ake jira. Na ɗauki alƙalami, sai na tuna ban taɓa taka hanyar ba. Ranar Asabar na ari keke na kama hanya. Ban yi nisa ba taya ta yi faci, wani dattijo ya fito daga gonarsa ya taya ni gyara. Da ya ji inda na nufa sai ya ce, "Samari, in ka kai kwazazzabo sai ka saɓa keken a kafaɗa." Haka kuwa aka yi. Na iske kwalbatin nan rabinta a ƙasa, mutane na sauke buhuna daga amalanke suna haurawa da su a ka. Ran Litinin na mayar da fayil ba sa hannu. Na sha harara, an daɗe ba a yi mini magana mai daɗi ba, amma kafin damina ta faɗi aka koma aka yi aikin. Da a mota na je, da a bakin kwalta za a tsayar da ni, a nuna mini da yatsa, a ce ga shi can an gama.

Ku ne gobe za a kawo wa irin wannan fayil. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 yawan ma'aikata ya ƙaru, amma sanin karkara bai ƙaru tare da shi ba. Ga shi kuma abubuwan da na lissafa muku suna tafiya a hankali: masu tifa na yankar gindin tuddai suna barin ramuka, gonaki na cin burtali, masu gawayi na bin manyan itatuwa. Wanda bai taɓa hutawa a inuwar wata kuka ba, ranar da aka sare ta ba zai ji kome ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, ko don aljihu ma keke ya cancanci a sake dubansa.

Saboda haka ina ba ƙungiyar nan shawara guda uku. A kafa reshen masu hawan keke, maza da mata duk wanda ke da sha'awa, a riƙa fita sau ɗaya a wata. Kowace fita a ɗauki littafi, a rubuta sunayen ƙauyuka, da nisan da ke tsakaninsu, da inda ake samun ruwa da mai faci, da inda hanya ta lalace. A ƙarshen shekara a zana taswira, a buga ta a mujallar nan, a aika wa ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni kam kekena na nan, duk ranar da kuka sa, ku same ni a bakin gadar Jega bayan sallar asuba.