Jawabin Taron Shekara: Gonakin Bomo da Makomar 'Ya'yanmu



Muna so mu ja hankalin wannan taro zuwa ga wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato sayar da gonaki.

Kamar yadda kowa ya sani, Allah ya haɗa mu maƙwabtaka da Samaru. Tun a 1922 aka fara binciken aikin gona a can, a 1962 kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda cibiyar binciken ta koma ƙarƙashinta. Daga wannan cibiya ake fitar da ingantattun irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga, waɗanda manoman jihohin Arewa ke nikar gari su zo nema. A Shika kuwa ga cibiyar binciken dabbobi, ga Asibitin Koyarwa. Duk waɗannan a bakin ƙofarmu suke.

To amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mene ne rabonmu a ciki? Matasanmu su ne 'yan acaɓa da masu gadi da leburorin gini. Ba mu raina sana'a ba, sai dai 'ya'yanmu nawa ne ke shiga ƙofar nan da littafi a hannu? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙasa. Jami'a na bunƙasa, ma'aikata da ɗalibai na neman muhalli, dillalai kuma na bin magada gida-gida. Sai a yanka gonar gado fuloti-fuloti, a sayi babur, a ƙara aure, kafin damina biyu kuɗi sun ƙare, gona kuma ba ta dawowa. Mu dubi Hanwa. A shekarun 1960 ƙauyen manoma ce da masana daga Samaru ke zuwa nazarin nomanta, yau kuwa gari ya haɗiye ta. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna ba da shawarwari guda uku. Na farko, kada a sayar da gonar gado sai magada duka, maza da mata, sun zauna sun amince a gaban Dagaci. Na biyu, wanda lalura ta tilasta masa, ya sayar da sashe, ya gina ɗakunan haya a kan sauran, don ya riƙa cin moriya. Na uku, mu kafa asusun biya wa yaranmu kuɗin jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a, sannan mu roƙi 'ya'yanmu masu ilmi su riƙa yi musu bita lokacin hutu.

Iyayenmu sun bar mana ƙasa, su ma na bayanmu za su tambaye mu abin da muka bar musu.

Allah ya yi mana jagora, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.