Ƙananan kalmomi uku da ke cinye wa yaranmu maki

Yau maganar ta 'ya'yanmu ce masu shirin jarrabawar Shahada a Omdurman da Khartum. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya hana a zauna ta, sai a ƙarshen Disamba 2024 aka samu aka yi. To, yaron da ya sha wannan jira, abin takaici ne ya zubar da maki a takardar Turanci saboda a, an da the.

Yaronmu da Larabci da Hausa yake shiga aji, kowanne kuma da inda yake masa tarko. Larabci ya saba masa da "al", sai ka ga ya rubuta "I live in the Khartoum". Kuskure ne, sunan gari ba ya ɗaukar the. Kogi kuwa yana ɗauka: "the Blue Nile" da "the White Nile", waɗanda suka haɗu a Mugran. Haka in ana maganar raƙuma gaba ɗaya, "Camels are expensive" ake cewa. Da ka ce "the camels", kana nufin waɗanda muka sani ke nan, irin waɗanda ka kora kasuwar Muwailih jiya.

Hausa ita kuma mantar da shi a take yi. Mukan ce "babana makiyayi ne", sai yaro ya zuba "My father is herder". A'a, "a herder" ne. Amma fa Hausar tana da magani, ku saurara: na sayi raƙumi, raƙumin ya rame. Na farko "a camel", na biyu "the camel". Kai uba, ko ba ka jin Turanci, tambaye shi: raƙumi ne ko raƙumin? Sau da yawa nan take zai gano amsar.

Tsakanin a da an, kunne ke yanke hukunci, ba ido ba. "An ox", "an hour" domin ba a furta h ɗin, amma "a university" tunda da "yu" take farawa. Abin da ba a ƙirga shi ɗaya biyu, kamar nono, ba ya ɗaukar a, sai dai a ce "a bowl of milk".

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa, kuskure biyu ne a ciki: "She sold a milk in the Omdurman."