Jinyar Wanda Aka Yi Wa Aikin Rage Ƙiba

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar jinya ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci. An kawo shi nan domin amfanin masu karatu.



Akwai ƙibar da ke zama ciwo. Tana jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Idan magani da rage ci sun kasa, likita yakan yi wa mutum aiki. Yakan yanke tumbinsa, wato jakar da abinci ke sauka a ciki. Ana cire kusan kashi uku cikin huɗu. Abin da ya rage bai wuce girman ayaba ba. Ana yin wannan aiki a manyan asibitocin birni, wasu kuma suna zuwa Masar ko Indiya. Amma jinya a gida ake yin ta, a hannun 'yan'uwa.

Da farko akwai zafi. Likita yakan huda ciki a wurare kaɗan, ya hura iska don ya ga wurin aiki. Ragowar iskar nan ce ke sa ciwon kafaɗa a kwanakin farko. Maganinsa tafiya. Majinyaci ya tashi ya zaga tsakar gida a hankali, sau da yawa a yini. Tafiyar tana kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Idan zai yi tari, ya danne cikinsa da matashi.

Ya sha maganin da likita ya rubuta kawai. Kada a saya masa ibuprofen ko diclofenac ko asfirin a kemis, ko a wajen masu tallan magani a faranti. Suna iya cin tumbin, su sa gyambo da zubar jini. Jiƙo da tsimi ma a ajiye su.

Sai batun ci, kuma nan ne aka fi yin kuskure. An saba idan mutum ya dawo daga asibiti a cika masa kwano da tuwo, a ce, "Daure ka ci ka ji ƙarfi." Wannan ƙauna ce, amma ga wannan majinyaci cuta ce. Tumbinsa sabon ɗinki ne. Kusan mako biyu na farko abu mai ruwa kawai zai sha. Bayan haka sai abin da aka dama ya yi laushi. Tuwo da nama sai wajen mako shida zuwa takwas, idan likita ya yarda.

Tunda wurin ya zama ƙarami, abin da ke gina jiki shi za a fara ba shi. Likitoci suna kiransa furotin. Shi ke haɗa rauni, shi ke riƙe tsoka. Ana so ya samu giram 60 zuwa 80 a yini. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Kofin madara yana da kamar giram 8. Ke nan sai an yi ta ba shi kaɗan-kaɗan tun safe har dare.

A makonnin farko a ba shi madarar da aka tafasa, da madarar waken suya, da kindirmo mai tsabta wanda aka tsinka. Daga baya a ƙara ƙwai mai laushi, da alala, da awarar da ba a soya ba, da kifin da aka cire wa ƙaya. Koko da kunu suna cika ciki, amma furotin ɗinsu kaɗan ne. Lemon kwalba da sukari kuwa a kawar da su.

Ruwa ya riƙa kurɓa, har ya kai lita ɗaya da rabi a yini. Kada ya haɗa ci da sha. Ya bar minti 30 tsakani. Da ya ji ƙirji ya cika, ya tsaya, kuma kada a matsa masa.

Zafin aiki kullum raguwa yake yi. Idan ƙaruwa yake yi, ko aka ga zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko numfashi na yin wuya, mai yiwuwa ɗinkin ya yoye. Kumburin ƙafa ɗaya da aman da ya ƙi tsayawa su ma alamun haɗari ne. A nemi mota a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A tafi da takardun aikin.

Ƙwayoyin bitamin da aka rubuta masa zai ci gaba da shan su har bayan ya warke. Batun azumi kuma ya tambayi likitansa tukuna.