Zafin Bazara da Azuzuwanmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Malaman Tambuwal da Kebbe

 

Mutumin ƙasar Sakkwato ba ya bukatar a gaya masa abin da ake kira bazara. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40, haka muka taso muka tarar. Sai dai abin da ya faru a 2024 ya isa ya sa mu sake lissafi. A ranar 3 ga Afrilu, ana cikin azumi, zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawa daga cikinsu tsofaffi. Masanan da suka yi bincike daga baya sun ce zafi mai tsanani haka ba zai auku ba in da hayaƙin man fetur da gawayi da gas bai ɗumama duniya ba. Mu da Mali ƙasar Sahel ɗaya ta haɗa mu.

To, yaya ake auna haɗarin? Adadin da hukumar NiMet ke sanarwa gaskiya ne, amma a inuwa ake ɗaukarsa, a tashar da ke nesa da mu. Ba ya faɗin abin da yaro ke ji da ƙarfe ɗaya na rana a ajin da aka rufa da kwano, babu silin, ga ɗalibai cunkushe, ga rijiyar burtsatse ta lalace. Haɗarin yana cikin haɗuwar zafin da halin wanda ya faɗa wa, da kuma ko yana da wurin tsira. Shi ya sa makaranta biyu, ɗaya a Dogon Daji ɗaya a Kuchi, za su iya kwana a yanayi guda amma wahalarsu ta bambanta. Akwai kuma dare, wanda ba a cika maganarsa ba. Idan ɗaki bai huce ba har asuba, jiki bai huta ba, yaron da ya zo yana gyangyaɗi ba lalaci ne ya kama shi ba. A wannan lokaci ne kuma sanƙarau ke yawo, kamar yadda muka gani a 2017.

Wannan awo babu wanda zai yi mana shi daga Abuja. Muna roƙon kowane shugaban makaranta ya rataya ma'aunin zafi a ajin da ya fi zafi, a rubuta adadin da ƙarfe tara da kuma ƙarfe ɗaya, kusa da yawan waɗanda ba su zo ba da waɗanda suka sume ko suka yi haɓo. Da waɗannan alƙaluma za mu tunkari hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, mu nemi a riƙa shiga aji da sassafe a tashi kafin azahar a makonnin da zafi ya tsananta, a kuma fara sa silin a inda alƙaluman suka fi muni.

Kafin nan, randa a ƙofar kowane aji, a bar yara su sha ba sai sun nemi izini ba. A daina tsayar da su a rana da sunan horo. Yaron da jikinsa ya yi zafi rau, ya rikice ko ya daina zufa, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a garzaya da shi asibiti nan take.

Za a karɓi takardun awon farko a taronmu na ƙarshen Afrilu, in Allah ya kai mu.